Cibiyar Jikana

Ƙanena Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin Agadas? Muna lafiya.

Albishirinka, ɗiyata Falmata ta sauka, namiji! Har rawa na taka.

Ranar da cibiyarsa ta faɗi, rediyo ta ce an tsagaita wuta a Gaza, mutane suna komawa gida a ƙafa. Kakarsa, matata Yagana, ta ƙulle cibiyar a tsumma, ta ce, "Malam, mu ma za mu koma. A gidanmu na bakin kogin Komadugu za a binne ta."

Bukar, na kasa gaya mata cewa bara da na leƙa garin namu da muka gudo muka bari, ko kabarin Inna ban gane ba.

Cibiyar tana ƙarƙashin matashinta har yau. Ka yi mana addu'a, mu da mutanen Gaza. Gai da yara.

Yayanka,
Mustafa, Diffa