Saura Wata Uku

Assalamu alaikum Auta,

Ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya gajiya, ya abokiyar zamanki ta ɗaki? Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Ki yi haƙuri da rubutun, ƙafar tabarauna ɗaya ta karye, da zare na ɗaure, a hankali nake danna wayar nan.

Na ga saƙonki kan fom ɗin makarantar, na sa gwaggonki ta karanta min har sau biyu. Abin da na gane, kafin su ɗauki mutum wannan karatu na gaba da digiri, na masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa da magana ba da allura ba, sai sakamakonsa ya yi kyau, wannan kam kina da shi. Sai ya yi wata goma sha biyu a jere yana aiki da marasa lafiya a ƙarƙashin wani babba. Sai mutum biyu su rubuta masa shaida, sannan a kira shi intabiyu. Kin ce kin yi tara, saura uku, kuma suna cika da sati ɗaya za a rufe fom.

To ni tambayata, shekara biyun da kika yi a gida kina jinyar yayanki Dogo fa? Wannan ba aiki ba ne? Ga wata bakwai da kika yi a wancan asibitin kafin in kira ki gida, su ma a haɗa mana. In shaida suke nema ni zan rubuta, wa ya fi ni gani? Zan faɗa musu yadda kike ƙirga masa ƙwayoyi a murfin kwalba, da yadda kika yanke masa farce ranar da ya ƙi kowa ya taɓa shi. Ki tambaye su don Allah, kar ki ji kunya.

Dogo yana nan. Ki riƙa cin abinci, a hoton nan wuyanki ya fito.

Taki,
Mamanki

*

Assalamu alaikum Auta,

Ya jikinki, ya haƙuri da mu? Na ji amsarki. Wato uwa ba ta shaida, aikin gida ba ya shiga lissafinsu, kuma wata bakwan can sun tafi a banza tunda an yanke. To shi ke nan. Ni ce na yanke su, Auta. Ni na kira ki ina kuka wancan karon, ban san abin da nake ɗauke miki ba.

Sai maganar da gwaggonki ta kai miki. Bakinta ba ya riƙe ko ruwa, amma ba ƙarya ta yi ba. Sati uku ke nan Dogo ya daina shan magani. Ya rufe shagon ɗinkin, kayan mutane na nan a kan keken, wata riga ko hannu bai sa mata ba. Yana ɗaki ya saki labule. In na ajiye abinci a ƙofa, wani lokaci ya ɗauka, wani lokaci in dawo in tarar ƙuda sun riga shi. Ba ya faɗa, ba ya fasa komai, shirun ne kawai irin na wancan karon. Na ɓoye miki ne don na san halinki.

Yanzu kin ce ranar Asabar za ki haɗo kaya ki taho. Wallahi zuciyata tana so ki zo, ba zan yi miki ƙarya ba, ina jin tsoro. Amma in kika taho, taran nan ma sun bi bakwan can, a sake daga farko, shekarunki kuma ba tsayawa suke ba. Ki ba ni zuwa Laraba. Zan kai shi asibiti da kaina. In na kasa, ni da bakina zan ce ki zo.

Kar ki sayi tikiti. Ban ce ki yi shawara ba, umarni ne.

Mamanki

*

Assalamu alaikum 'yata,

Da fatan kin tashi lafiya, ya mutanen wurin aiki? Ki zauna ki karanta a nutse.

Mun je. Kawunki direba ne ya lallaɓa shi ya shiga mota. Likita ya canza masa magani, sannan ya tura mu wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda. Kujera uku ne da agogo da kwalin tishu, sai wata mata da ba za ta wuce sa'ar Dogo ba. Da ta faɗi aikinta, sai na gane irin wanda kike nema take yi. Na ƙare mata kallo sosai, har takalminta.

Ta tambayi Dogo me ya fi yi masa nauyi a kwanakin nan. Ni kuma kin san ni, na buɗe baki zan amsa masa. Sai ta ɗaga min hannu cikin ladabi, ta ce Mama mu ɗan jira shi. Muka jira. Auta, shirun nan har ƙarar agogo nake ji. Ita ko a jikinta. Can sai ga Dogo yana magana, a hankali, kansa a ƙasa. Sai ta roƙe ni in koma waje, na zauna a benci kusan awa guda.

A bencin nan na tuna yadda kike zama a ƙofar ɗakinsa ba ki cewa komai, ni kuma ina yi miki faɗa wai kin bar min wanke-wanke kin zauna zaman banza. Ki yafe min. Ban san aiki kike yi ba.

Jiya bayan la'asar na ɗauki kujerar roba na ajiye a ƙofarsa. Na kama bakina, kin san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne a wurina. Har na fara gyangyaɗi sai na ji ya ɗaga labule. Ya tambaye ni ko gaskiya ne kina shirin tahowa. Na ce na hana. Ya ce tun da kika bar wancan aikin saboda shi abin ke cinsa, ko ganin jakarki ya yi a falo sai ya ji kamar ya sace miki wani abu. Ya ce in faɗa miki, in kika dawo kafin watannin nan su cika, ba zai iya kallon idonki ba. Daga nan ya ce in miƙo masa ruwa, ya sha maganin a gabana.

Ban ce ya warke ba. Shagon na rufe har yanzu, kuma duk Laraba za mu koma wurin matar. Ni zan riƙa kai shi. Ke ki je wurin shugabarki ki roƙi shaidar tun yanzu, ki nemi malaminki na jami'a shi ma, kar ki bari sai ƙurarren lokaci.

Ki zauna inda kike, Auta. Wannan karon mu biyu ne muke roƙonki.

Allah ya yi miki albarka.
Mamanki