Ja da Safe, Fari da Dare

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya ƙara haskaka makwancinki, yau ƙarar mijinki na kawo, don har yanzu maganarki kaɗai yake ji.

Kin tuna maganin hawan jinin Baba? Ba ruwanki da rubutun kwali, launi kike bi. Ki miƙa masa da kofin ruwa kina cewa, "Malam, ja da safe, fari da dare." Har mu yara muka haddace, muna tsokanarki da shi in kin aike mu.

To Inna, bayan rasuwarki abubuwa sun canza. Ƙasashe sun ƙulla yarjejeniyar ciniki, an sassauta haraji a kan iyaka, magani yana shigowa daga ko'ina. Gaskiya ya yi sauƙi, na daina dawowa daga kemis a Gaya hannu rabbana. Amma kamfanin gida mai yin jar ƙwayar nan ya kasa gogayya da na waje, ya daina yi. Yanzu kowane wata da irin kwalin da ake samu. Na safen ya zama fari, na daren ma fari.

Na yi wa Baba bayani, malamar asibiti ma ta yi. Ya ce to. Kin dai san "to" ɗinsa. Ashe haɗa su yake ya shanye da dare, da safe ba ya shan komai tunda babu ja. Ranar Talata jiri ya kwashe shi a gonar gero ta Toranke, maƙwabta suka kai shi asibiti a amalanke. Alhamdu lillahi ya farfaɗo, amma malamar ta ce in aka ci gaba a haka, wata rana ba zai tashi ba.

Na yi ta masa faɗa a gadon asibiti. Sai da na gaji, sannan ya ce shi abin da kika faɗa masa yake bi. Na fita waje na yi kuka. Ina kewarki, Inna, amma ashe tawa ba ta kai tasa ba.

Jiya na buɗe akwatinki, na ɗauko jan ɗankwalin nan da kike zuwa suna da shi. Ki yi haƙuri, na yagi gefensa, na juye maganin safe a kwalba, na ɗaura ƙyallen a wuyanta. Yau da hantsi na ajiye masa ita a gabansa. Ya daɗe yana shafa ƙyallen da babban yatsa, sannan ya nemi ruwa.

Ko daga wace ƙasa ƙwayar za ta zo, maganarki tana nan: ja da safe.

Allah ya jiƙanki, ya sa Aljanna ce makomarki. Shi kuma Allah ya bar mana shi tukuna, kada ya yi gaggawar biyo ki.

Taki har abada,
Rabi