Randarki da Ƙafar Sanusi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta ladabi daga ɗiyarki, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma labarin nan ya fi ƙarfin cikina: autanki Sanusi ya taka ƙasa da ƙafafunsa biyu.

Bari in faro miki daga tushe. Bayan rasuwarki ramin zinari ya rufta masa a Bagega, ƙashin cinya ya karye. A Sakkwato aka sa masa ƙarfe, amma ƙasar rami ta riga ta shiga ciwon. Ya ruɓe daga ciki, ƙarfen ya saki, yana motsi. Likita ya ce saura dabara ɗaya kafin a yi zancen yanke ƙafa: a sa wani ƙarfen da aka shafe da magani. Maganin zai riƙa fita kaɗan-kaɗan cikin ƙashin, yana kashe cutar, har ƙashi ya samu ya kama ƙarfen.

Kin san ɗanki da taurin kai. Yana jin an ce ƙarfe zai riƙa sakin wani abu a jikinsa, ya ce atafau, a mai da shi gida Anka. Kuma ban ga laifinsa ba. A cinyarki ɗiyarsa Nana ta cika, shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar mana yara. Haka dalma take, ba a ganinta, a hankali take shiga jini. Ya ce gara ya rasa ƙafar da a dasa masa abin da ya kashe ɗiyarsa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, ko gezau. Haka muka dawo gida.

Wata rana da la'asar ya nemi ruwa. Na ɗebo masa daga tsohuwar randarki, wadda har yau nake turarawa yadda kika koya mini. Ya sha, ya ce ruwan nan ƙamshinki yake yi. Na ce masa rabona da turara ta tun makon jiya, hayaƙi ya daɗe da tafiya, amma randar tana ta ba ruwa ƙamshi a hankali, kuma bai taɓa kiran ƙamshin nan guba ba. Ya daɗe yana kallon moɗar. Sai na ji ya faɗi maganarki da irin muryarki: "Ciwo shi ka shiga da gudu, sauƙi sai sannu-sannu." Muka koma Sakkwato, aka sa masa ƙarfen.

Innata, ƙashi ya kama. Ruwan ciwon ya ƙafe, warin ya tafi. Yana ɗan ɗingishi, amma bakinsa ya warke sarai, har ya koma kushe mini tuwo. Rabon da in yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan har na manta.

Na so in zama ta farko da za ta gaya miki, ashe ya riga ni. Jiya bayan Juma'a muka neme shi muka rasa, sandarsa na jingine a zaure. Da ya dawo ƙafarsa duk ƙura. Maƙabarta ya je, wurinki da wurin Nana, a ƙasa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa Nana ta zama mai ceto, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza