Abin da Teku Ya Bari

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da ƙwayoyin halittarki kuna lafiya. Mu ma lafiya, in ban da Baba. Tun rasuwar Mama bai buɗe shago ba. Keken ɗinkinsa yana nan a falo, lulluɓe da zanen gado kamar mara lafiya. In na dawo daga makaranta, inda na bar shi da safe nan nake samunsa, abincin ma haka. Likita ya ce ba abin da ke damun jikinsa. Na kawo masa wandona ya rage mini, ya ce in kai wa telan da ke maƙwabtaka da mu. Baba fa, wanda yake cewa ɗinkin maƙwabci da miyau ake manna shi.

Ke kika yi karatu mai zurfi, ki yi dabara. Wandonsa ya fara yi masa yawa, kuma ya ƙi ragewa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Baba,

Bayan gaisuwa irin ta ’ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya. Aiki na kawo, kuma ba na neman ragi.

Ga yadi da zare a cikin kwalin nan. Roba ce, amma sabuwar iri, wadda aka yi don ta ruɓe in ta faɗa teku. Aikina shi ne in gano ko da gaske take ruɓewa, ko kuwa a bakin masu sayar da ita kawai. Ina buƙatar ƙananan jakunkuna kamar tafin hannu, duk girma ɗaya. Zan auna nauyinsu, in zuba su a kwandon waya, in rataya a cikin ruwa ƙarƙashin gadar da jiragen kamun kifi ke tsayawa. A can akwai halittun da ido ba ya gani. Su za su ci, ni kuma in riƙa ciro kwandon ina auna abin da ya rage.

Na gwada ɗinkawa da kaina. Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ɗaga ɗaya ya tambaye ni ko har an fara cinta. Ka taimaki sunan gidanmu.

Sharaɗi ɗaya: da zaren da na aiko kaɗai za a ɗinka, don shi ma mai ruɓewa ne.

’Yarka

*

Uwata,

Bayan sallama da fatan alheri, saƙonki ya iso. Na karanta shi sau biyu, na biyun don in tabbatar na fahimta.

Na yi ɗinki tun kafin a haife ki. Na yi wa ango, na yi wa alƙali, na yi wa ɗan makaranta. Kowa roƙona yake kada ɗinki ya farke. Ban taɓa samun mai ciniki da ya ce in yi masa kaya don a cinye ba. Ashe abin da na biya kuɗin makaranta a kai ke nan, ki girma ki riƙa ciyar da abin da ba ki taɓa gani da idonki ba.

Duk da haka yadin yana da kyau a hannu, ba ya zamewa ƙarƙashin allura. Na ɗinka su. Ki duba kusurwoyin, ki nuna wa Farfesan naki.

Ki riƙa sa rigar sanyi in za ki bakin ruwa.

Mahaifinki

*

Auta,

Ina gaishe ki, ki gaishe da Baba, amma kada ki karanta masa wannan.

Na ji daɗin labarin da kika ba ni a waya, cewa ya yaye zanen gadon, har ya yi miki faɗa kan almakashinsa da kika yanka takarda da shi. Mutumin da ke faɗa yana raye.

Yanzu ga nawa labarin. Watannin farko komai ya tafi daidai. Jakunkunan suka yi santsi, wani yauƙi ya lulluɓe su, wanda a wurinmu abin murna ne: baƙi sun iso, sun kafa gari. Ba su da haƙori. Wani ruwa suke fitarwa yana tsinka robar gutsi-gutsi har ta kai girman da za su iya haɗiyewa, sai su mayar da ita iska da ruwa da naman jikinsu. A madubin ƙara girma zaren yadin ya zama duk ramuka, kamar titin unguwarmu bayan damina. Farfesa har murmushi ya yi, mun rubuta ranar.

Makon jiya na ciro kwandon karo na ƙarshe. Yadi babu, an share shi tas. Amma a kowane gurbi ga ɗinkin nan tsaye, kusurwa huɗu, shuɗi, ko ƙwarzane babu. Zaren da na aiko fari ne, Auta, amma da yake ɗinkin ta ciki yake, ban ga launinsa ba sai yanzu. Wannan zaren roba ne na kasuwa, irin wanda zai ga jikokin jikokinmu. Duk lissafin nauyina ya karkace, sai na sake gwajin daga farko. Farfesa ya ɗaga ɗaya da hantsaki ya ce, “Gaskiya telan nan ya iya ɗinki.” Bai yi murmushi ba.

Na rubuta sharaɗin ɓaro-ɓaro. Gardama ce, ko idonsa ne ya ƙara lalacewa? In ido ne, gaya mini in nemi likita.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ba ido ba ne, ba kuma gardama ba, ko da yake a duka biyun yana da rabo.

Kin daɗe ba kya gida, shi ya sa. Shekarun nan Baba ba ya ganin kafar allura. Mama ce ke zura masa zare. Da safe za ta tsaya a kansa da tabaraunta, tana cewa, “Matsa, Malam Tela, ka ba masu ido wuri,” shi kuma ya ce ta cika yanga. Ranar da aka kai ta asibiti, da safen ta zura masa shuɗin nan, daga babban dunƙule, don kayan ’yan makaranta. Bai kai ga ɗinkawa ba.

Da kwalinki ya zo na ɗauko farin zan zura masa. Na kai hannu zan zare shuɗin, ya riƙe mini wuyan hannu. Sai na bar shi yadda yake. Haka ya ɗinka jakunkunanki a hankali, kamar mai tafiya a kan ƙwai, don kada zaren ya tsinke ya fita daga allurar. Bai tsinke ba.

Na so in gaya miki, sai na ga yana cin abinci. Ki yi haƙuri da Farfesanki.

Auta

*

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ga sakamakon aikinka. Masu cin kayan sun gode, sun cinye yadin duka. Ɗinkin ne ya fi ƙarfinsu. Sun yi watanni suna zagaya shi, suka haƙura. Ban yi mamaki ba, na san wadda ta zura shi. Mu ma ba mu taɓa cin galaba a kanta ba.

Ba zan bar shi a teku ba. Aikina ya hana, kuma ba can ne wurinsa ba. Na wanke gishirin, na shanya su a tagar ofis, ga su a cikin ambulan ɗin nan, ko ɗaya bai ɓata ba.

Akwai kuma sabon yadi da farin zare, domin dole in sake gwajin. In ba ka so a taɓa allurar, kada a taɓa. Zan kai wa maƙwabci, miyau ma ai yana ruɓewa.

’Yarka mai ƙaunarka

*

Uwata,

Bayan sallama. Ambulan ya iso, na ajiye shi a aljihun keke, inda tabaraunta yake.

Maƙwabci ba zai taɓa kayanki ba ina raye. Jiya na cire allurar da zarenta a ciki, na sa ta cikin ambulan ɗin, na ɗaura sabuwa. Auta ta zura farin. Ta daɗe tana lalube, kuma ba ta iya tsiya ba, amma za ta koya.

Jakunkunan za su iso makon gobe. Ki ce wa baƙinki wannan karon kada su bar komai.

Ki sa rigar sanyi.

Mahaifinki