Dutsen Baftismar Ƙauna

Kafanchan, 12 ga Mayu

Zuwa ga maigidana Azariya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da tsofaffin da kake kula da su a can Ingila. Mu nan ruwa ya sauka, an shuka citta. Ka yi haƙuri da takarda. Da biro na fi iya faɗin zuciyata, sai in ɗauki hotonta in tura maka.

Kullum sai na duba hoton kwanon baftisma na cocinku, wannan na dutse mai sassaƙen ganye da murfin katako, wanda ka ce ya shekara ɗari bakwai. Tun ranar da na gan shi na ce a cikinsa za a yi wa 'yarmu baftisma, ni da farar riga, kai a gefena, kamar ƙarshen littattafan da nake karantawa. Na sani, ni na sa ka yi alkawari.

Amma Ƙauna ta shiga wata goma sha huɗu, har tana tafiya, takardunmu na zuwa Ingila kuwa shiru. Ka san tun Babanka yana katikis, mai koyarwa a cocinmu, ba a taɓa yi wa jikansa baftisma bai riƙe kwanon ruwan ba. Ƙauna kaɗai ta rage. Ciwon ƙirjinsa ya dawo, ya daina hawa keke. Jiya ya tambaye ni abin da muke jira. Cikin kunya na nuna masa hoton, na ce kwanon silba na cocinmu duk ya lotsa, ni na dutse nake so. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi zurfinsa.

Ina tsoron a yi ba ka nan, ina kuma tsoron mu jira har a yi ba shi. Ka faɗa mini abin da ka gani.

Taka,
Keziya

Kafanchan, 4 ga Yuni

Baban Ƙauna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya kewa? Na gode da ka ce a yi. An yi ranar Lahadi.

Ashe Baba ya aika Fadan Kaje an ɗauko dutsen niƙa na mahaifiyarsa. Maza huɗu suka sauke shi daga a-kori-kura a ƙofar coci. Ba zan ɓoye maka ba, ɗaki na shiga na yi kuka. Matan zumunta suka samu abin dariya, Mama Selina har tana tambayata ko tuwo za mu yi da yarinyar. Rabaran Gershon ma da farko bai so ba. Daga baya ya ce ai ruwa ne da sunan Allah, ya yi wa dutsen addu'a.

Kwana uku Baba yana wanke shi da hannunsa, ya hana kowa taya shi. Ramin da niƙa ya ci a tsakiyarsa santsi gare shi, yana ɗaukar ruwa kofi uku. Da na je kai masa abinci ya ce, "Keziya, ba ni da sassaƙen ganye. Amma hannun mata ne ya haƙa wannan, kuma shi ya ciyar da ni."

Ranar Lahadi bai iya tsayawa ba. Aka ajiye masa kujera kusa da dutsen, ya ɗora hannunsa a gefe har aka gama. Ƙauna ba ta yi kuka ba, sai ma ta tsoma hannu ta jiƙa wa Rabaran riga. Ni zanen zumunta na ɗaura, kuma ban tuna da farar riga ba sai da muka dawo gida.

Tun ranar Baba bai sake fita ba. Yana shan kunu kaɗan, yana tambayarka. Ka kira shi da safe, lokacin ne muryarsa take fita. Kada ka bari sai ƙarshen mako.

Ƙauna tana gaishe ka. Ubangiji ya kiyaye mini kai.

Matarka,
Keziya