Wasiƙun Bafaranshen da Ya San Tsamiyar Layinmu

Braila, 4 ga Maris

Zuwa ga Malama Otilia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Sanda Mocanu ce, ɗalibarki ta ajin Faransanci a 1984, mai zama gefen taga. Yanzu ni ke koyarwa a ajin nan naki.

Malama, yarana sun ƙi karatu. Littafin makaranta kullum "Pierre ya je kasuwa, Pierre ya sayi burodi", har wani ya tambaye ni ko Pierre ba ya ƙoshi. Sai na tuna wasiƙun da kike kawo mana daga abokin alƙalaminki Bafaranshe na birnin Marseille, da tambarin gidan waya da tabon kofi a jiki. Har rububin karantawa muke yi. In suna nan, don Allah ki ara mini.

Taki cikin ladabi,
Sanda

Galati, 15 ga Maris

Sanda 'yata,

Na gaishe ki. Ke ce mai cin tuffa a ƙarƙashin tebur, kina zaton ban gani ba! Wai Pierre bai mutu ba har yau? Kai, wannan mutum da tsawon rai yake.

Wasiƙun suna nan, amma ba na ba da su. Babu wani aboki Bafaranshe. Yayana Horia ne, wanda ya tsere daga ƙasar nan a jirgin ruwa. Da sunan aro yake rubuto mini, da Faransanci, don jami'an gwamnati masu buɗe wasiƙun mutane su bari su wuce. A gida ina tsoron ko bango ya ji, a aji kuwa sai in sa ku karanta da ƙarfi, in ji muryarsa a bakinku. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki kamar shekarar nan ba.

Ƙarshenta wani ya kai ƙara. Aka tura ni ƙauye, aka tare wasiƙunsa, ya rasu ban sake jin ɗuriyarsa ba. Guda tara suka rage mini. Ki ba yaranki jarida.

Malamarki,
Otilia

Braila, 2 ga Afrilu

Malama,

Ina gaisuwa. Sau huɗu ina yaga wannan takarda.

A wasiƙa ta tara ya rubuta cewa yana kewar tsohuwar bishiyar da ke bakin famfon Layin Masunta, har ya kira ta Tsamiya, yadda muke kiranta don tsamin 'ya'yanta. Na tsaya a kan jimlar, na ce yaya aka yi mutumin Marseille ya san sunan da yaran unguwarmu kaɗai suka sani? Muna cin abincin rana na faɗa a gida, ina taƙama da basirata. Babana ya ajiye cokali, ya ce, "Sake faɗa." A ofishin jam'iyya mai mulki yake aiki. Bayan mako biyu aka kawo mana sabon malami.

Ni ce, Malama. Ba wasiƙun kawai nake nema ba, shekara ashirin ke nan ina neman hanyar gaya miki. In ba ki amsa ba, ba zan ga laifinki ba.

Sanda

Galati, 20 ga Afrilu

Sanda,

Na sani tun ranar. Na ga kin ɗago kai daga takardar kin dube ni.

Ku talatin da ɗaya ne a ajin. Talatin sun furta kalmomi, ke kaɗai kika karanta. Abin da nake koya muku ke nan, to wa zan kai ƙara? Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba, na daɗe ina yi. Na gaji.

Ba zan sa wasiƙun a gidan waya ba. Idona ya daina ganin ƙananan rubutun Horia, yau shekara shida ba wanda ya karanta mini su. Ki shigo jirgin ƙasan safe ranar Asabar. Ki karanta mini duka taran da ƙarfi, sannan ki kai wa yaranki.

Malamarki,
Otilia