Ni na haɗa su a akwati ɗaya, laifin ya faɗa kan gwaggonta

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema, duk da ni kaina ban ga ta inda za a gyara ba, amma abin ya yi min nauyi ni kaɗai.

Muna zaune a Doha, unguwar Bin Mahmud, maigidana injiniya ne, ni kuma matar gida ce, karatuna bai wuce firamare da islamiyya ba, ko fita ban cika yi ba, girkina da hirar waya sun ishe ni. 'Yarmu ɗaya ce, zan kira ta Ummi, yanzu tana da shekara sha biyar. Lokacin korona da aka rufe makarantu yarinyar nan ta canza mana gaba ɗaya, ta daina magana, ta daina cin abinci sai an matsa, sai ta yini a ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Likita ya ce a samar mata abin da za ta riƙa kula da shi. Mage muka so, ita kuma ta ce tsaka take so. Kar ku yi dariya, ni ma sai da na yi salati. Ba irin tamu ta bango ba ce, wata ce mai roɗi-roɗi kamar damisa, da jela mai kauri, kiwonta ake yi a akwatin gilashi ana ba ta tsutsa da gyare. Abbanta ya kawo guda ɗaya, bayan wata biyu ya ƙara ɗaya, duka maza, ta sa musu suna Zabo da Lemo. Wallahi ta sanadinsu 'yata ta dawo mana, kuma ni ta fara yi wa hira, har yau ni ce kawai take buɗe wa cikinta.

Tun ranar farko kowanne da akwatinsa. Na sha ce mata ke Ummi ki ji tsoron Allah, halitta biyu a ɗaki ɗaya kin raba su kamar masu gaba, ta ce Mama su ba mutane ba ne, ba sa kewa, maza biyu in suka haɗu kashe juna suke yi. Na ji ta, amma a raina ban yarda ba, don ni na san yadda zaman kaɗaici yake a ƙasar nan.

Da kofin duniya ya zo aka sauƙaƙa wa baƙi shigowa, sai yayar maigidana ta zo da babban ɗanta, shi don ƙwallo, ita don ta gan mu ta wuce Umara. Matar nan ita ta riƙe maigidana bayan rasuwar mahaifiyarsu, mu duka Gwaggo muke ce mata. Gidanmu ɗaki biyu ne, sai aka ba ta ɗakin Ummi, Ummi ta tafi gidan ƙawarta a Al Thumama na kwana goma. Kafin ta tafi ta kai akwatunan sito kusa da kicin, ta rubuta min komai a takarda, ta ce ranar kaza abinci, ranar kaza ruwa, kar in taɓa komai bayan haka.

Kun san baƙon gida da kaya, ga buhun kuka, ga daddawa, ga manja, ga jakunkuna, siton ya cika har ba wurin taka ƙafa. Sai na ce bari in yi dabara, in haɗa su wuri ɗaya na 'yan kwanaki, a samu fili, su ma su ji ɗumin juna. Na sa safar hannu na ɗauki Zabo na zuba shi wurin Lemo, akwatinsa na ɗora a kan kwaba. Washegari na leƙa na ga Lemo ya hau bayan Zabo sun kwanta, har daɗi na ji, na ce ga shi nan ashe suna son juna. Daga baya ne na ji a wani bidiyo na Hausa cewa danne shi yake yi don ya ƙwace wurin ɗumi.

A wannan tsakanin Gwaggo ta shiga sito neman bokiti ta gan su. Ranar Ummi ta zo gaishe ta, a gabanta Gwaggo ta yi ta faɗa, wai tsaka kusa da abinci, so muke mu kuturce, a garinmu kashe ta ake yi da takalmi har lada ake samu, kuma in ta sake gani ita za ta yi da hannunta. Ni na san bakin Gwaggo ne kawai, ko kyankyaso ta gani ɗanta take kira. Na ja Ummi kicin na hana ta shiga siton da cewa kar ta ƙara tunzura ta, alhali tsoro nake kar ta ga abin da na yi.

Kwana na huɗu da haɗa su, da safe na tarar da jelar Zabo a gefe guda, wuyansa da ciwo. Na mayar da shi akwatinsa, na goge komai, na jera su yadda Ummi ta bari. Bai ƙara cin komai ba, kwana biyu bayan dawowarta ya mutu a tafin hannunta. Ta ce ba ya yar da jela sai an dake shi ko an fizge shi, ta fita falo ta ce wa Gwaggo ke kika kashe shi. Gwaggo ta rantse ba ta taɓa shi ba, Abbanta ya daka wa Ummi tsawa ya ce ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta ƙi. Ina tsaye a bakin kicin da ludayi a hannuna, sau uku Gwaggo ta kalle ni tana cewa Maman Ummi ke kike gidan nan kullum, faɗa musu, na ce ni ban ga komai ba. Da Gwaggo za ta tafi Umara ta ce za ta kai ƙararta gaban Ka'aba, Allah ya bayyana mai gaskiya.

Yanzu wata biyar ke nan. Gwaggo ba ta ɗaukar wayar ƙaninta, a dangi an ce mun zo ƙasar Larabawa mun lalata yarinya, har ta fifita tsaka a kan jininta. Maigidana da Ummi gaisuwa kawai ke haɗa su. Ita kuma ta soma komawa shirun nan na da, abinci sai na zauna kusa da ita. Na yi sadaka, na yi azumi, ban ji sauƙi ba, don na san haƙƙin mutum ne a wuyana. Sau biyu ina shiga ɗakinta da niyyar faɗa, sai ta ɗora kanta a cinyata, sai in kama yi mata kitso.

In na faɗa, ba kisan Zabo ne zai fi yi mata ciwo ba, wata biyar ɗin da na yi ina lallashinta a kan abin da ni na aikata ne, kuma in ta daina yi min magana ba ta da wani da za ta yi wa magana. Maigidana ma ban san da idon da zai dube ni ba, na bar shi ya rabu da wadda ta zame masa uwa. In na yi shiru kuma, baiwar Allah na can da tabon abin da ba ta yi ba.

Jiya maigidana ya yanke hukunci, ya ce khalas, magana ta ƙare, hutun nan zai kai Ummi can garinmu ta durƙusa gaban Gwaggo a gaban dangi, ko ta so ko ta ƙi. Saura sati uku. Yau da rana ta kira ni ɗakinta ta nuna min yadda ake ba Lemo abinci, ta ce Mama ke kaɗai zan bar wa shi, don ke ce kawai ba za ki cuce ni ba.

Don Allah ku faɗa min, wa zan fara tunkara, 'yata, ko ubanta, ko in kira Gwaggo? Ko kuwa in bar yarinya ta je ta durƙusa a kan laifina?